Labari da Zane Daga Hannu Ɗaya: Nazarin Aikin Beatrix Potter

Littafin yara mai hotuna yawanci aikin mutum biyu ne, wani ya rubuta labarin, wani ya zana. Amma a adabin yara na Ingila akwai al'adar mutum ɗaya ya haɗa duka biyun, kuma Beatrix Potter tana sahun gaba cikin waɗanda suka kafa ta.

An haife ta a Landan a 1866, a gidan masu hali. Ba a sa ta a makaranta ba, a gida aka koyar da ita. Ita da ƙanenta Bertram sun yi ta kiwon zomaye da ɓeraye da kwaɗi a ɗakin karatunsu, tana zana su da fentin ruwa, har ta san yadda kunnen zomo ke kwanciya idan ya tsorata. Da ta girma ta duƙufa kan nazarin laimar kwaɗi, kuma a 1897 aka gabatar da takardarta a ƙungiyar masana ta Linnean ba tare da ita ba, domin a lokacin ba a barin mata shiga zaman.

Labarin zomon nan Peter ya faro ne a 1893, cikin wasiƙa mai zane da ta aika wa ɗan tsohuwar malamarta, yaro ɗan shekara 5 da ke kwance ba lafiya. Maɗaba'u da dama suka ƙi karɓarsa, sai ta buga kwafi 250 da kuɗinta a 1901. A 1902 kamfanin Frederick Warne ya fitar da shi da hotuna masu launi. Ta dage a yi littafin ƙarami daidai tafin hannun yaro, a kuma sayar da shi da araha.

Gwanintarta tana inda rubutu ya yi shiru ya bar wa hoto magana. Peter ya shiga lambun da mahaifiyarsa ta hana shi sanye da shuɗiyar riga da takalma, yana tsaye da ƙafa biyu kamar ɗan mutum. Da mai lambu ya biyo shi, takalman suka zube, rigar ta maƙale a raga, sai ga shi a hoto tsirara yana gudu da ƙafa huɗu, ya koma dabbar da ake farauta. Mai lambun kuma ya rataya rigar a jikin mutum-mutumin korar tsuntsaye. Yaron da bai iya karatu ba yana gane wannan da ido kawai. Ba ta kuma ɓoye wa yara haɗari ba: tun a farkon littafin an faɗi cewa a lambun nan aka kama uban Peter aka dafa shi. Marubutan yara kaɗan ne ke yarda da hankalin yaro har haka.

Ƙananan littattafanta sun kai 23. Da kuɗinsu ta sayi gonar Hill Top a yankin tafkuna na arewacin Ingila a 1905, gonar da ke fitowa a zanen littattafanta da suka biyo baya. Bayan ta auri lauya William Heelis a 1913, idonta ya fara rauni, hankalinta ya koma kan kiwon tumakin Herdwick, rubutu ya ja baya. Ta rasu a 1943, ta bar wa hukumar National Trust filaye fiye da eka 4,000.