Zaƙin Riesling ba abin kunya ba ne

Yayin da ake yi yanzu tsakanin masu shan farar giyar inabi a Jamus shi ne gudun zaƙi. Mutum zai ɗauki kwalba idonsa na neman kalma ɗaya, trocken, wato wadda sukarinta bai wuce giram 9 a lita ba. In ya ga halbtrocken mai kaiwa giram 18, ko feinherb mai kama da ita, sai ya mayar da ita tun bai ɗanɗana ba. A ganina an zalunci gwanintar da manoman ƙasar suka fi kowa iyawa.

Gudun yana da tushe. A shekarun 1970 da 1980 an cika kasuwannin Ingila da Amurka da giyar Jamus ta Liebfraumilch mai arha, zaƙi zalla ba armashi. Sai kuma a 1985 aka kama wasu masu giya a Ostiriya suna zuba sinadari mai cutarwa don ƙara zaƙi, har abin ya shiga kwalaben Jamus da aka gauraya. Daga nan aka yi wa duk mai zaƙi kuɗin goro.

Amma a dubi kwarin kogin Mosel. Ƙasa ce mai sanyi, gonakin suna rataye a gangaren duwatsu, a gonar Bremmer Calmont gangaren ya kai kusan digiri 65, dole da hannu ake tsinka. Inabin Riesling, wanda sunansa ke cikin takardu tun 1435, yana nuna a hankali a can, tsaminsa kuma kaifi gare shi. Shi ya sa mai haɗawa yake sanyaya ruwan ya tsayar da tsimuwarsa kafin yis ya cinye sukarin kaf. Duk wanda ya taɓa dama kunun tsamiya ya san aikin: ka rage sukari ya kashe haƙora, ka zarce ya gundure ka.

A zuba irin wannan Riesling ɗin, salon Kabinett, mai sanyi a kofi. Ƙanshin ɗanyen tuffa da lemun tsami ne ke fara tasowa. Zaƙin yana taɓa bakin harshe, kafin ya zauna tsami ya biyo shi ya share, yawu ya tsinke, baki ya koma wasai. Ƙarfinta sau da yawa bai fi kashi 8 cikin 100 ba, kuma tana kwantar da zafin barkono a abinci, inda trocken mai ƙarfi take ƙara rura shi.

Abin da ke damuna shi ne wannan salo yana cikin haɗari. Ɗumamar yanayi na sa inabi saurin nuna, sukari ya hau, tsami ya sauka. Gonakin gangare kuma ana barinsu saboda wahalarsu ta fi ribarsu. In masu saye suka ci gaba da yanke hukunci daga takardar jikin kwalba, manomi zai bi kasuwa, kuma gonar da ciyayi suka cinye a gangaren Mosel da wuya a sake samun mai nomanta.