Gwanintar Zama a Eiheiji

A cikin tsaunukan lardin Fukui na ƙasar Japan akwai gidan ibadar mabiya Buddha na ɗarikar Zen mai suna Eiheiji, wanda wani malami mai suna Dogen ya kafa a 1244. Sufayen wurin kan shafe shekaru suna koyon abin da kowa ke ganin ya iya tun yana jariri, wato zama. Sunan zaman nasu zazen. Dogen ya koyo shi ne a ƙasar Sin wajen malaminsa Rujing, kuma da ya komo gida a 1227 sai ya rubuta ɗan littafi, Fukanzazengi, ya fayyace yadda za a ajiye kowace gaɓa.

Sirrin yana ƙasa. Ana zama a gefen gaba na wani zagayayyen matashi, zafu, wanda galibi ake cusa wa audugar rimi. Idan ƙugu ya ɗaga sama da gwiwoyi, sai gwiwoyin biyu su kafu a shimfiɗa, su da mazaunai su zama kamar duwatsun murhu uku. Nan take gadon baya ke miƙewa da kansa, ba a sandare ba, nauyin jiki ya koma kan ƙashi, tsoka ta huta. Wanda ya zauna a ƙasa babu matashi, bayansa kan lanƙwashe, ƙirji ya matse, numfashi ya gajarta, kafin a jima kuma gyangyaɗi ya sallamo.

Ana harɗe ƙafafu, kowane sawu a kan ɗaya cinyar, ko kuma ƙafa guda kawai ga wanda bai kai nan ba. Kunnuwa su yi daidai da kafaɗu, hanci ya yi saiti da cibiya, harshe ya jingina da ganda. Ido a buɗe kaɗan, fuska na kallon bango.

Abin da ya fi burge ni shi ne hannu. Ana ɗora tafin hagu a kan na dama, manyan yatsu biyu su taɓa juna sama-sama. Idan barci ya fara satar mutum, yatsun sai su zube. Idan tunani ya yi masa yawa, sai su danne juna su yi tsini. Malami na iya ratsa ɗakin a hankali, ya dubi hannu da kafaɗa kawai, ya gane halin da zuciyar almajiri take ciki. Wannan ƙwarewa ce ta gaske, kuma ita ta sa nake ganin waɗanda ke cewa yanayin zama ba shi da tasiri ba su lura da yadda jiki da zuciya ke jan juna ba.

Sai dai harɗe ƙafa ba sharaɗi ba ne ga kowa. Tsohon nassin mabiya Buddha mai suna Satipatthana ya ambaci halaye huɗu da ake kiyaye hankali a cikinsu: tafiya, tsayuwa, zama da kwanciya. Mai ciwon gwiwa a yau yakan zauna a kujera, tafin ƙafa a ƙasa, ba tare da jingina ba. Su kansu sufayen Zen, bayan zaman kimanin minti 40, sukan miƙe su yi kinhin, tafiyar rabin taku a kowane numfashi, jini ya koma ƙafa, sannan su sake komawa kan matashi.