Wa Zai Sake Amsa Gambo?

Watan jiya na je zanen suna Goronyo. Ɗiyar yayata ce ta sauka, kuma haihuwarta ta baya tagwaye ne, Hassan da Usaina, yanzu suna shekara uku. Da hantsi liman ya raɗa wa jaririya Fatima, aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino, aka yanka rago. Ko kunun kanwa ban gama sha ba na ji gardama ta kaure a cikin gida. Kakar angon ƙarni, tsohuwa tukuf, ta ɗauki jaririya tana juya ta tana cewa, "Gambo, Gambon tagwai, sannu da hanya." Mai jego daga bakin gado ta ce, "Haba Kaka, a bar wanga suna don Allah. Ihsan za a riƙa ce mata." Tsohuwa ta ɗaga kai ta dube ta ta ce, "To wadda tab biyo tagwai, in ba Gambo ba, mi as sunanta?"

Mata suka kwashe da dariya, aka ci gaba da hidima. Ni kuwa tun a motar komawa Wurno maganar take cina, domin na lissafa Gambon da na sani a unguwarmu da dangin uwata na Rabah, maza da mata, ban samu ko ɗaya da bai haura shekara talatin ba. Tagwaye ba su daina zuwa ba, ƙannensu ma ba su daina ba. Sunan ne aka jingine. Kuma a wannan gardama ni ina bayan tsohuwa.

Gambo ba sunan yanka ba ne. Yana cikin sunayen da Bahaushe ke laƙaba wa yaro don su faɗi yadda ya zo duniya. Galibinsu an raba su, na maza daban na mata daban: Ɗanladi da Ladi, Ɗanjuma da Jummai, Tanko ga namijin da ya biyo mata, Kande ko Delu ga macen da ta biyo maza. 'Yan kaɗan ne ba a raba ba, irin su Auta, da Talle wanda ya tashi maraya tun yana goye, da Cindo mai yatsa shida, sai Gambo. A ganina dalilin a fili yake. Sunan ba jaririn yake siffantawa ba, waɗanda suka riga shi fitowa yake nunawa. In ka ji an ce Gambo, an gaya maka cewa wata uwa ta taɓa ɗaukar biyu a ciki ɗaya, ta sha wuyar goyon biyu, sannan Allah ya sake ba ta. Labarin uwar ne da na tagwayen, shi ya sa bai damu da ko ɗankwali za a ɗaura ko hula za a sa ba.

Ba mu kaɗai muka ga ya kamata a ware wa wannan yaro suna ba. Barebari a Borno su ma Gambo suke cewa. Yarabawa na da Idowu, shi ma mace da namiji duk suna amsawa. Can yamma, wajen Mali da Senegal, akwai Sajo, wanda ake rubutawa Sadio, sunan da masu kallon ƙwallo suka sani ta dalilin Sadio Mane. Al'ummu masu nisa da juna, harsuna daban, amma kowa ya ga ƙanin tagwaye ba kamar sauran yara yake ba.

Kuma sunan ya yi zamani. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001, sunanta na yanka Hajaratu, amma wa ya san ta da shi? Da Gambo ta shugabanci matan NEPU, da shi ta yi ta shiga gidan yari tana fita, da shi aka sa wa babban asibiti suna a Zariya. Muhammadu Gambo Jimeta da shi ya zama Sufeto Janar na 'yan sandan Najeriya a 1986. A ƙasar Kabi an yi Muhammadu Gambo Fagada mai waƙar ɓarayi. 'Yar gwagwarmaya, shugaban 'yan sanda, da mawaƙin waɗanda 'yan sanda ke nema, duk suna ɗaya. Ban san wani laƙabi da ya yi wannan faɗi ba.

To me ya kashe masa kasuwa? Na farko takarda. Da can mutum na iya yawo da suna uku: na yanka da liman ya sani, na alkunya da uwa ke kira, da wanda gari ya sani. Yanzu katin ɗan ƙasa da asusun banki da rajistar jarrabawa duk suna son suna ɗaya tak, harafi bai sauya ba. Na taɓa raka wata 'yar uwarmu gyaran takarda a wani ofis, saboda ma'aikacin ya ga Gambo ya rubuta namiji ba tare da ya ɗaga kai ya dube ta ba. Mun yi sawu uku kafin a mayar da ita mace. Wannan matsala ce ta gaske, ban raina ta ba. Amma rajista ta daɗe tana sauya mana suna. Sardauna da aka haifa a Rabah a 1910, Ahmadu Rabah ake ce masa a makaranta, kuma wannan bai hana mutanen gida kiransa yadda suka saba ba. A rubuta Fatima a takarda, a kira Gambo a tsakar gida. Ina rigimar take?

Na biyu, kuma shi ne babba, kunya. Matasan iyaye na jin Gambo kamar warin ƙauye yake yi. Sun fi son Ihsan, Iman, Nur, Amal, sunayen da suka shigo ta fina-finai da waya da dawowar masu Umra. Ba ni da faɗa da waɗannan sunaye, ma'anarsu kyakkyawa ce. Abin da ke ba ni dariya shi ne hujjar da mai jegonmu ta kawo daga baya, wai Gambo ba a gane mace ce ko namiji. Alhali Ihsan ɗin da ta zaɓa, a Turkiyya sunan maza ne, Nur kuwa a ƙasashen Larabawa kowa na amsawa. An gudu daga suna mai fuska biyu na gida, an faɗa kan na waje.

Akwai masu kawo addini, su ce sunan gargajiya ne. Ai Hassan da Husaini da muke sa wa tagwaye, jikokin Manzon Allah (SAW) ba tagwaye ba ne, kusan shekara ce tsakaninsu. Mu ne muka ga dacewar sunayen muka mayar da su na 'yan biyu, kuma babu malamin da ya ce an yi laifi. Laƙabi ma ba baƙo ba ne a Musulunci, Abu Huraira da shi duniya ta san shi. Mu mutanen Wurno muna da misali a ƙofar gida. Nana Asma'u, wadda ta zauna a garin nan tare da mijinta Waziri Giɗaɗo zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da shi ribaɗi, 'yar tagwaye ce. Shehu Usmanu ya sa wa namijin Hassan kamar yadda aka saba, ita kuwa ya ce Asma'u. Ya ɗauki al'adar inda ya so, ya bar ta inda ya so. Ba wajibi ba ce, ba kuma abin ƙyama ba.

Inda na yarda da masu sukar shi ne camfin da ake rataya wa sunan. An ce tagwaye na tura kunama, an ce Gambo ya fi su hatsabibanci, in ya yi fushi tukunya ba ta tafasa. Yaro ya tashi ana nuna shi da baki, in ya yi ƙiriniya irin ta kowane yaro a ce ai Gambo ne. Wannan a zubar da shi. Haka ban ga laifin wanda ya bar Ajuji ba, sunan da ake sa wa ɗan wabi bayan an kai shi juji wai don mutuwa ta raina shi. Amma cire ƙaya daban, sare itace daban.

Abin da ya sa na kafe shi ne goggona. Gambo ake ce mata har ta koma ga Allah, kuma sai da na girma na tambayi ina tagwayen da ta biyo, don ban taɓa ganinsu ba. Aka ce ai ba su yi arba'in ba, ɗaya ya bi ɗaya cikin mako guda, a wani ƙauye na bakin gulbin Rima. Ba hoto, ba takardar haihuwa, kabarinsu ma ruwa ya daɗe da shafewa. A zamanin da ba asibiti kusa, haka tagwaye da yawa suka ƙare. Shekara saba'in da wani abu, duk wanda ya buɗe baki ya kira goggo, ya ambaci yaran nan biyu ko bai sani ba. Kakata kuwa, wadda kunya ba ta bari ta yi zancensu, kullum tana kiran sunan da safe.

Shekaranjiya na yi waya Goronyo in ji lafiyar mai jego. Ta ce Kaka ta ƙi sauya baki, ita ma ta ƙi, uban kuwa ya ce ba ruwansa, Fatima ya sani. Sai na ji hayaniyar yara a bayanta. Hassan da Usaina ne, harshensu ya kasa Ihsan, suna ta leƙa zanen goyo suna kiran "Ambo, Ambo."