Daga Kurkuku Zuwa Lambu: Sharhi a Kan Lambun 'Yanci na Ikko

1.0 Gabatarwa

Wannan muƙala sharhi ce a kan wani wurin shaƙatawa da ke tsakiyar birnin Ikko, wanda ake kira Freedom Park, wato Lambun 'Yanci. Kafin ya zama lambu, wurin kurkuku ne na Turawan mulkin mallaka, kuma ya yi kusan shekara 100 ana tsare mutane a cikinsa. Na daɗe ina jin labarinsa, har Allah Ya nufa wata hidima ta kai ni Ikko, na ware yini guda na je na gane wa idona, domin masu iya magana sun ce gani ya kori ji.

Abin da ya sa na ga ya dace a rubuta wannan sharhi shi ne, a shekarar 2025 Gwamnatin Jihar Kano ta bayyana niyyarta ta mayar da gidan yarin Kurmawa gidan adana kayan tarihi. Mutanen Ikko sun riga mu yin irin wannan aiki da shekara 15. Saboda haka yana da kyau malamai da dattawanmu su san inda suka dace da inda suka yi tuntuɓe, tun kafin a ɗora gatari a kan namu ginin.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Wurin

Turawan Ingila sun karɓe Ikko a shekarar 1861. Bayan wannan ne suka gina kurkuku a kan titin Broad da ke tsibirin Ikko. Ginin farko na ƙasa ne da jinka, bai kuma yi ƙarko ba. A 1885 aka sake gina shi da jan bulo da aka ɗauko a jirgin ruwa tun daga Ingila.

Daga cikin sanannun mutanen da aka tsare a wurin akwai Herbert Macaulay, wanda ya kafa jam'iyyar NNDP a 1923. A 1928 an ɗaure shi wata 6 saboda wani labari da jaridarsa ta buga. Shi ne kuma wanda ciwon ajali ya kama a Kano a 1946, lokacin da yake rangadin ƙasa tare da 'yan jam'iyyar NCNC, aka mayar da shi Ikko ya rasu a can. Har ila yau akwai Michael Imoudu, shugaban ƙwadago na ma'aikatan jirgin ƙasa, da Anthony Enahoro, da Lateef Jakande, da Cif Obafemi Awolowo.

A cikin shekarun 1970 aka rushe kurkukun, sai katangar da ta kewaye shi kawai aka bari. Filin ya zama kango da juji na tsawon shekaru. Daga baya wani masanin zanen gine-gine mai suna Theo Lawson ya kawo shawarar a mayar da shi lambu, shi ne kuma ya zana fasalinsa. An buɗe lambun a watan Oktoba na 2010, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, daidai da bikin cikar Nijeriya shekara 50 da samun mulkin kai.

3.0 Abin da Ido Ya Gani

Na isa wurin da hantsi. A waje titin Broad cike yake da hayaniyar motoci da 'yan talla da ma'aikatan ofisoshi, ga dogayen benaye ta kowace fuska. Da na biya kuɗin shiga na ƙetare ƙofa, sai na ji kamar an rufe mini kunne. Tsohuwar katangar da aka gina don kada na ciki ya fita, ita ce yanzu take tare hayaniyar waje. A ciki akwai itatuwa masu inuwa, da ciyawa, da tafkuna na ado, da kujerun zama, da mutum-mutumi iri-iri masu nuna sana'o'i da al'adun ƙabilun Nijeriya.

Mai zanen ya bi taswirar tsohon kurkukun wajen shimfiɗa sabon wurin. Inda madafar fursunoni take a da, nan aka yi rumfunan sayar da abinci. An sake fitar da siffar ɗakunan fursunoni a kan girmansu na asali. Na shiga ɗaya daga ciki na miƙa hannuwana, kafin su gama miƙewa sun taɓa bango dama da hagu. Na yi minti kaɗan a tsaye na ji ƙirjina ya ƙuntata, alhali ba ƙofa a rufe, ba gandiroba a kaina. Akwai kuma ɗan gidan tarihi, da zauren nuna zane-zane, da babban dandamali na wasanni. Wannan dandamali an gina shi ne a daidai inda ake rataye waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa.

Na zauna har bayan la'asar. Na ga ma'aikata sun shigo cin abincin rana, na ga ɗalibai cikin kayan makaranta tare da malamarsu, na ga makaɗa suna ɗaura kayan sauti domin wasan dare. Na tambayi wani saurayi da ke ɗaukar hoto a kan dandamalin ko ya san abin da ke wurin a da. Ya ce ya san dai kurkuku ne. Da na gaya masa abin da ake yi a daidai inda yake tsaye, sai ya dubi ƙafafunsa ya sauko.

4.0 Inda Aka Dace

Abu na farko da ya cancanci yabo shi ne ceto filin da aka yi. Fili a tsakiyar tsibirin Ikko ya fi zinariya tsada, kuma abin da aka saba gani shi ne a yanka irinsa a raba, a dasa bene. Mu da muka ga yadda aka cinye ganuwar Kano da gine-gine, aka rushe wasu ƙofofinta aka sake su da siminti, mun san darajar wannan.

Na biyu, an sa wurin ya zama mai rai. Da yawa daga cikin gidajen tarihinmu ba mai shigarsu sai ɗaliban da aka kawo dole da baƙon da ya zo daga nesa. Lambun 'Yanci kuwa mutanen gari suna zuwa da ƙafarsu. Ana yin bikin baje kolin littattafai da wasannin kwaikwayo a ciki, kuma abin da ake samu yana taimakawa wajen kula da wurin. Ginin da ba a shigarsa gara da jemagu ne ke gadonsa.

Na uku, ɗakunan fursunonin nan darasi ne da ba ya bukatar allo. Duk bayanin da malami zai yi wa yaro a aji game da zaman kurkuku bai kai yaron ya tsaya a cikin ɗakin na minti ɗaya ba.

5.0 Inda Ake Bukatar Gyara

Duk da wannan yabo, na fito da abubuwa uku da suka tsaya mini a rai. Gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba.

5.1 Dandamali a Wurin Rataya

Na fahimci manufar mai zanen. Yana so ne ya ce inda aka kashe mutane jiya, yau a nan ake raira waƙa, wato rai ya yi galaba a kan mutuwa. Na kuma san cewa a al'adar mutanen wurin kiɗa yana cikin hanyoyin girmama mamaci. Amma abin da na gani da idona shi ne saƙon bai isa ga saurayin nan ba, kuma ina zaton ba shi kaɗai ba ne. Galaba ba ta da ma'ana ga wanda bai san an yi yaƙi ba. A ganina, da an bar wannan gurbi fili babu komai, an kewaye shi, an kai dandamalin wata kusurwa, da shirun wurin ya fi kowace ganga magana. Wanda aka rataye, ko mai laifi ne ko wanda aka zalunta, ɗan wani ne, kuma a nan ya yi numfashinsa na ƙarshe.

5.2 Manya Sun Rufe Talakawa

Duk wanda ya ba ka labarin wannan kurkuku, sunaye huɗu ko biyar zai lissafa maka, su Macaulay da Awolowo. Ni ma da su na fara. Sai dai kurkukun da ya yi kusan ƙarni yana aiki, dubban mutane ne suka kwana a cikinsa, kuma mafi yawansu ba 'yan siyasa ba ne. Akwai ɓarawo, akwai wanda ya taka dokar Bature ba tare da ya san da ita ba, akwai mata, akwai yara. Su ne suka yi gwale-gwale, su ne suka sha bulala. Idan ɗalibi ya fita da tunanin cewa kurkukun masaukin gwaraza ne, to an ba shi rabin labari. Tarihin gidan yari tarihin talaka ne kafin ya zama na kowa.

5.3 Sunan da Ya Sauƙaƙa Magana

Sunan lambun da lokacin buɗe shi suna nuna wa mai ziyara cewa Bature ne ya ɗaure, 'yanci ya zo ya kwance. Tarihi bai tafi haka ba. An sauke tutar Ingila ranar 1 ga Oktoba 1960 a filin sukuwa, wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa, tafiyar 'yan mintuna daga lambun. Amma ƙofar kurkukun ba ta buɗe ba a wannan dare. Awolowo ya shiga cikinsa ne bayan samun mulkin kai. Kotun Nijeriya ce ta yanke masa ɗaurin shekara 10 a 1963 bisa laifin shirya kifar da gwamnati, a zamanin da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa yake Firayim Minista. Daga baya aka mayar da shi Kalaba, inda ya zauna har Yakubu Gowon ya sake shi a 1966. Ba ina yanke hukunci a kan wannan shari'a ba ne, masana sun daɗe suna muhawara a kanta. Abin da nake nunawa shi ne mabuɗin ya koma hannun ɗan ƙasa, shi ma kuma ya yi amfani da shi. Wannan shi ne sashen labarin da ya fi amfani ga yaran yau, domin Bature ya tafi, amma kurkuku da kotu da mai mulki suna nan.

6.0 Darasi ga Kurmawa

Gidan yarin Kurmawa, wanda aka gina a 1910 kusa da fadar Sarkin Kano, yana da wata fa'ida da na Ikko bai samu ba: gininsa bai rushe ba kafin a yi tunanin adana shi. Bisa ga abin da na gani, ga shawarwarina.

Na ɗaya, a bar aƙalla sashe guda yadda yake, da ƙofofinsa da ƙarafunansa da rubuce-rubucen da fursunoni suka yi a bango. Kada a shafe shi da fenti da sunan gyara.

Na biyu, a raba wurin nishaɗi da wurin tunani. A yi lambu da inuwa da rumfar abinci, domin su ne za su kawo jama'a. Amma ɗakunan da aka fi azabtar da mutane a bar su cikin natsuwa.

Na uku, a nemo littattafan rajistar fursunoni a adana su, a kuma naɗi muryoyin tsofaffin gandirobobi da waɗanda suka taɓa zama a ciki, da yardarsu, tare da kiyaye mutuncin iyalansu. Wannan aiki ne na gaggawa, don masu labarin kullum raguwa suke yi.

Na huɗu, a ba da labarin gaba ɗayansa. Kalmar gidan yari kanta shaida ce cewa muna da kurkuku tun kafin zuwan Turawa a 1903, domin Yari sarauta ce ta mai kula da ɗaurarru. Bayan zuwansu kuma En'e ce ta riƙe gidajen yari a ƙasar Hausa har zuwa 1968, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta karɓe su. A wannan zamani ne aka ɗaure 'yan jam'iyyar NEPU da dama, wadda aka kafa a Kano a 1950. 'Ya'yan waɗanda aka ɗaure da 'ya'yan waɗanda suka yi ɗaurin duk suna raye, wasu ma sun zama surukan juna. Maganar tana da nauyi, amma idan aka tsallake ta, gidan tarihin zai zama ado kawai.

Ga malaman makaranta kuma, duk wanda zai kai ɗalibai irin waɗannan wurare ya karanta tarihin wurin kafin ranar tafiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Ya tsayar da yaran a inda ya kamata a tsaya, ya tambaye su wa ya ɗaure, wa aka ɗaure, kuma a kan wane laifi.

7.0 Kammalawa

A wannan muƙala an kawo tarihin Lambun 'Yanci na Ikko, da abin da na gani a cikinsa, da inda aka dace, da inda nake ganin an gaza. Hukuncina shi ne aikin ya cancanci yabo ta fuskar ceto wuri da raya shi, amma nishaɗin ya fi tarihin ƙarfin murya. Ina shawartar duk wanda hidima ta kai shi Ikko ya ware lokaci ya shiga, ya kuma shiga ɗakin nan ya miƙa hannuwansa. Allah Ya raba mu da zaman kurkuku, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, amin.