Dala ɗari ta wa? Sharhi kan kwatancen da ake yi wa ɗan aiken na'ura

Tun watan Yuni na 2023, da kamfanin OpenAI ya buɗe hanyar da manhajarsa za ta riƙa kiran wasu manhajoji, ƙirƙirarriyar basira ta tashi daga mai ba da amsa ta koma ɗan aike. Ka ce ya tura kuɗi, ko ya duba farashi, ko ya yanko maka tikitin mota, sai ya ɗauko kayan aikin da suka dace ya yi. A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fito da ƙa'idar da ake kira MCP, don kowa ya iya haɗa nasa kayan aikin da irin wannan ɗan aike.

To, ɗan aiken nan ba ya ganin cikin kayan aikin. Abu uku kawai ake nuna masa: suna, ɗan bayani, da gurabun da zai cike. Wannan bayanin nake kira kwatance, domin daidai yake da kwatancen da kake yi wa yaro in za ka aike shi gidan da bai taɓa zuwa ba. Tunda da harshe ake rubuta shi, mu ɗaliban nazarin harshe muna da bakin magana a ciki.

Shawarar da Anthropic ke ba masu rubuta kwatance ita ce su yi cikakken bayani, aƙalla jimla uku ko huɗu: me abin ke yi, yaushe za a ɗauke shi, yaushe za a bar shi. Ban ƙi wannan ba. Inda nake ja shi ne idan mai awo ya tsaya ga ƙirga jimloli, ya ga huɗu sun cika, ya ce kwatance ya yi kyau. Ga misalin da na tsara: “Wannan yana tura kuɗi ga wanda aka ambata. A yi amfani da shi idan mutum ya nemi a biya wani. A saka lambar wayar mai karɓa da adadin kuɗi. Kada a yi amfani da shi wajen duba asusu.” Jimla huɗu cif, nahawu lafiya lau. Amma kawo shi Birnin Ƙonni ka sha kallo.

A nan in mutum ya ce dala ɗari, sefa 500 yake nufi, don tamma biyar ke yin dala. Jika kuwa sefa 1,000 ce. Ka tsallaka iyaka, ka buɗe rediyon Sakkwato, dala ɗari ta zama kuɗin Amurka, abin da ya haura sefa 50,000. Can jaka a tsohon lissafi naira 200 ce. Ga shi kuma a kasuwarmu da sefa da naira duk ana ciniki. Yanzu mai sayen albasa a Galmi ya ce wa ɗan aike, “Tura mishi ɗari biyar.” Me zai rubuta a gurbin adadi? 500 ko 2,500? Na wane kuɗi? Kwatancen bai ce uffan ba.

Haka sunan wuri. Illela biyu gare mu: ɗaya a jihar Tawa, ɗaya a jihar Sakkwato, nan bakin iyaka kusa da Ƙonni. Gurbin da aka rubuta wa “gari” kawai, ba a nemi ƙasa ba, tarko ne. Lambar waya ma haka: ta Nijar alƙaluma 8 ce bayan +227, ta Najeriya 10 bayan +234.

A darasin ma'anar magana mun karanta Paul Grice, wanda a 1975 aka buga ƙa'idojinsa huɗu na zance: faɗi daidai buƙata, faɗi gaskiya, kada ka kauce, kada ka yi duhu. Kwatancen can bai yi ƙarya ba, bai kauce ba. A ƙa'ida ta farko ya faɗi, domin daidai buƙata ya danganta da wanda kake wa magana. Mai rubutun ya ɗauka mai karatu garinsu ɗaya, kuɗinsu ɗaya. Ni da mai shagon unguwarmu ba ma faɗin sefa, don mun san juna. Ɗan aiken na'ura kuwa baƙo ne a ko'ina, kuma in ya tarar da giɓi yakan cike shi da abin da ya fi yawa a rubutun da ya koya. Rubutun nan galibinsa Turanci ne, na Hausar Ƙonni kaɗan ne ƙwarai.

Wani zai ce, ai na'urorin yanzu suna da wayo, za su gane. Wataƙila su gane sau tara. Na goman fa, aljihun wa zai biya? Tura kuɗi kamar magana ce, zarar bunu, in ta fita ba ta komawa.

Don haka ga awon da nake gani ya fi. Ka ɗauki kwatancen, ka ba wanda bai san kayan aikin ba, ka haɗa masa da saƙonni goma irin na kasuwar Ƙonni, da bakin mutanenta. Ka duba: ya san da wane kuɗi ake ƙirga? Ya san siffar lambar da ake so? An gaya masa cewa aikin ba ya warwaruwa? Mafi girma, an gaya masa inda zai dakata ya tambaya? Layi ɗaya ya isa: “Adadi da tamma ake rubuta shi, in mutum ya ambaci dala ko jika, a maimaita masa da alƙaluma kafin a tura.” Matambayi ba ya ɓata, amma sai an ba ɗan aike izinin tambaya.

Ƴan'uwa da ke sashen kwamfuta, in kun tashi rubuta irin wannan, ku leƙo wajenmu. Ko ma ku zauna rabin yini wajen ƴan canji a bakin tasha da littafi da biro, ku rubuta yadda mutane ke kiran kuɗi.