Sharhi a Kan Dokar Laifukan Intanet ta 2015 da Tsaron Wutar Lantarki: Dubi Daga Ƙasar Haɗejiya

Manufar wannan takarda ita ce ta auna Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, don a ga ko ta isa ta kare wutar lantarki yanzu da ake ta miƙa ragamarta ga kwamfuta. Na zaɓi in yi awon daga Haɗejiya, domin a nan ne injinan casar shinkafa da masu ƙanƙarar da ke hana kifin fadama lalacewa suke rayuwa a kan wutar da kamfanin KEDCO ke rabawa tun bayan sayar da harkar a 2013.

Tilas a fara da yabo. Sashe na 5 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga wanda ya taɓa muhimman na'urorin sadarwa na ƙasa, da ɗaurin rai da rai idan aka rasa rai. Gyaran 2024 kuma ya rage wa'adin kai rahoton hari daga kwana 7 zuwa awa 72. Wannan ci gaba ne.

To, amma ƙarfin dokar duk yana wajen hukunci, alhali kuwa irin wannan ɓarawo ba kasafai yake shiga hannu ba. Mu ɗauki abin da ya faru a Yukiren ran 23 ga Disamba, 2015. Maharan sun fara ne watanni kafin ranar, ta hanyar aika wa ma'aikata wasiƙun imel masu ɗauke da guba, suka saci kalmomin sirri, suka zauna suna nazarin aikin. Da lokaci ya yi, sai ma'aikata suka ga kwamfutocinsu suna kashe tashoshi ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun taɓa su ba. Kamfanonin rarraba wuta uku abin ya shafa, masu amfani da wuta kusan 225,000 suka shiga duhu cikin sanyin hunturu. Abin lura a nan shi ne yadda wutar ta dawo cikin awa shida ko ƙasa da haka: injiniyoyi ne suka shiga mota, suka je tashoshin, suka tayar da makunnai da hannu. Wato tsohuwar hanyar da ake wa kallon ci baya ita ta fid da su. Dokarmu ba ta ce uffan a kan wannan ba. Ba ta wajabta wa kamfanin wuta ya riƙe hanyar hannu ba, ko ya ci gaba da koyar da ita.

Wannan giɓi ya fi nauyi a wurinmu. Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a Auyo da Kafin Hausa da Guri ya san cewa akwai watannin da mota ba ta isa wasu garuruwa sai kwalekwale. Idan an kashe tasha daga nesa a cikin Satumba, wa zai kai ga makunnin, kuma cikin kwana nawa? Abin da ya ɗauki mutanen Yukiren awa shida yana iya cinye mana mako.

Wani zai ce ai namu maharan da guduma da zarto suke zuwa, ba da kwamfuta ba. Da gaskiyarsa. Duhun da ya rufe yawancin Arewa fiye da mako guda a Oktoban 2024 ya samo asali ne daga lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ke tallafa masa ta Benuwai ya faɗi. Sai dai ni abin da na karanta a ciki shi ne, yanki mai rataye da layi ɗaya ko biyu ba ya bukatar babban hari kafin ya durƙusa, ko da me aka kawo harin.

Saura batun harshe, wanda ya fi shafar mahalarta wannan taro. Mita mai kati ta riga ta shiga gidaje, kuma kafin 24 ga Nuwamba, 2024 an bukaci masu ita su shigar da lambobi na musamman, kowace mai alƙaluma 20, don sabunta ta. Mai injin niƙa da bai karanta Turanci, wa zai miƙa wa mitarsa in ba duk wanda ya ce ya iya ba? Ta wannan ƙofa ta amana ce aka shiga kamfanonin Yukiren. Dokar da Turanci aka rubuta ta, kuma har yanzu ba mu daidaita a kan sunan da za mu ba wasiƙar yaudara ko manhaja mai guba ba. Shawarata ita ce sassan Hausa na kwalejojinmu su zauna da injiniyoyin tashar Haɗejiya su fitar da waɗannan kalmomi, a gwada su a gidan rediyo kafin a sa su a littafi.