Yaƙin Kumbo a Majigi da kuma a Ma'aunin Kimiyya

Gabatarwa

Tun daga fitowar fim ɗin Star Wars na George Lucas a 1977, wata siffa ta yaƙi a sararin samaniya ta kafu a zukatan masu kallo: ƙananan kumbuna suna fafarar juna, suna karkata fiffike, harsashi na walƙiya, ƙara na cika kunne. Manufar wannan maƙala ita ce auna wannan siffa da abin da kimiyya ta tabbatar, sa'an nan a duba ribar da adabi ya ci da asarar da ya yi wajen zaɓenta. Nazarin ya shafi ɗalibin adabin Hausa, domin ƙagaggen labarin kimiyya ya shigo harshen tun littafin Umaru Dembo, Tauraruwa Mai Wutsiya, na 1969.

Asalin siffar

Lucas ya aro salon faɗan kumbunansa ne daga finafinan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman The Dam Busters na 1955. Wato abin da ake kallo faɗan jiragen sama ne na wancan zamani, an sauya masa riga. To amma jirgin sama da iska yake dogara: ita ke ɗauke da fiffikensa, ita ke rage masa gudu, ita kuma ke kawo ƙararsa kunne. Inda babu iska, duk waɗannan sun faɗi. Stanley Kubrick ya kiyaye wannan a fim ɗinsa 2001: A Space Odyssey na 1968, inda ya bar sararin shiru.

Abin da kimiyya ta ce

Da farko, bisa ƙa'idar Newton, abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai wani ƙarfi ya tare shi. Saboda haka kumbon da ya kashe inji zai ci gaba da gudunsa, in kuwa yana son tsayawa, dole ya juya baya ya hura wuta gwargwadon wadda ya hura wajen tashi. Shirin talabijin The Expanse (2015 zuwa 2022) ya nuna wannan juyi da kyau.

Na biyu, bin abokin gaba a kewayen duniya ba kamar sukuwar dawaki ba ne. A 1965 James McDivitt, matuƙin kumbon Gemini 4, ya yi ƙoƙarin cim ma guntun rokar da ta harba shi ta hanyar dosarsa kai tsaye, sai guntun ya yi ta ƙara nisa. Dalili kuwa, ƙarin gudu yana ɗaga kumbo zuwa falaki mafi tsawo, inda kewayen ke cin lokaci fiye da na ƙasa.

Na uku, ɓuya tana da wuya ƙwarai. Inji da jikin mutane suna fitar da zafi, babu iskar da za ta kwashe shi, sai dai a watsar da shi ta faifan sanyaya, na'urar hangen zafi kuwa tana ganin wannan daga nesa. Bugu da ƙari, nisan da kansa yana jinkirta gani: haske yana cin daƙiƙa 1.3 daga wata zuwa duniya, don haka mai harbi daga irin wannan tazara inda abokin gaba yake ɗazu yake gani.

Na huɗu, gudu shi ne makami. Abin da ke kewaya duniya kusa-kusa yana tafiyar kimanin kilomita 28,000 a awa. Dunƙulen ƙarfe mai kilo ɗaya a wannan gudu yana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na kilo ɗaya na nakiya wajen sau bakwai.

Riba da asara

Ba a cewa Lucas ya yi kuskure don rashin sani. Labarin jarumtaka yana buƙatar fuskar jarumi, da abokin karawa a gabansa, da lokacin da za a ga ƙarfin zuciya, kamar dai yadda mawaƙin fada yake buƙatar barde da mashi kafin ya yi zuga. Tatsuniya ma tana sa Gizo magana, ba mai tuhumarta. Wannan ita ce ribar.

Asarar tana wani wuri. Yaƙin da kimiyya ta siffanta ba shi da gurbin barde, na lissafi ne da kwamfuta, kamar yadda Joe Haldeman ya nuna a littafinsa The Forever War na 1974, inda sojan ke kwance yana jiran hukuncin na'ura. Haka kuma a majigi kumbon da aka harbe yakan tarwatse ya ɓace, fili ya koma fes, alhali a zahiri tarkacen ba ya zuwa ko'ina. A 2007 Sin ta harbe tauraron ɗan'adam nata, Fengyun-1C, ya bar gutsattsari fiye da 3,000 da ake iya bin sawunsu. A 2021 Rasha ta yi haka da Kosmos 1408, har 'yan sama jannatin tashar ƙasa da ƙasa, ciki da 'yan Rasha, suka fake a kumbunan dawowarsu. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta haramta ajiye makaman ƙare dangi a falaki, amma ba ta hana irin wannan harbi ba.

Kammalawa

Abin lura a nan shi ne, ba kowace saɓa wa kimiyya ce ke da nauyi ɗaya ba. Ƙarar inji a inda babu iska ado ne, ana iya yafe shi. Share tarkacen kuwa yana ɓoye wa mai kallo cewa wanda ya yi harbi da wanda aka harba da wanda bai shiga faɗan ba duk falaki ɗaya suke bi, taurarin da ke hasashen damina da sadar da waya ma a can suke. Ya kamata mai nazari ya riƙa tambayar wace gaskiya marubuci ya ajiye, me kuma ajiyewar ta hana mai karatu gani.